Shi'an, Birnin da Ake Dafa Burodi da Tururi

Tafiyarmu ta wannan mako mai nisa ce, don haka kowa ya ɗauko taswira ya nemo ƙasar Sin. Ku ɗora yatsa a tsakiyarta, ku ja layi daga yamma zuwa gabas, ya bi ta kan duwatsun Qinling da kogin Huai har ya faɗa teku. Da wannan layi malaman labarin ƙasa suke raba Sin gida biyu. A kudancinsa ruwan sama ya wadata, sanyi ba ya tsanani, shinkafa ce sarauniyar gona. A arewacinsa damina gajera ce, sanyin hunturu kuma har ruwa yake daskararwa, can ne gidan alkama. Saboda haka idan kun ji wani ya ce Sinawa ba sa cin komai sai shinkafa, ku gaya masa rabin labarin ya ji. Miliyoyin mutanen arewacin ƙasar da taliya da burodi suka tashi, kuma burodin da suka fi ci bai taɓa shiga tanderu ba. Da tururi ake dafa shi.

Hanyar zuwa

Birnin da za mu sauka shi ne Shi'an, hedikwatar lardin Shaanxi, wanda yake zaune a gindin duwatsun nan ta ɓangaren arewa. A taswira za ku ga an rubuta shi Xi'an. Daga Beijing, babban birnin ƙasar, jirgin ƙasa mai tsananin gudu yana cinye tazarar kusan kilomita 1,200 cikin kimanin awa 5. A watan Disamba na bi wannan hanya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonakin lardin Henan. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, duk inda ka duba alkama ce 'yar gajeruwa, koriya, ta lafe a ƙasa saboda sanyi. A watan Oktoba ake shuka ta, ta shafe hunturu ba ta ƙara tsawo, sai sanyi ya sassauta ta miƙe, a girbe ta wajen farkon Yuni. Sin ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman alkama, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take nomawa daga wannan lardi yake fitowa.

Shi'an tsohon birni ne ƙwarai. A da sunansa Chang'an, kuma sarakunan dauloli da dama, ciki har da Han da Tang, a nan suka yi fada. Daga nan ayarin raƙuma suke tashi da siliki zuwa tsakiyar Asiya da Farisa, hanyar da tarihi ya sani da Hanyar Siliki. Har yau tsakiyar birnin tana kewaye da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 14, faɗin samanta ya isa mutane su hau keke su zagaya gari. A shekarar 1974 kuma, a gabashin birnin, wasu manoma suna haƙa rijiya suka ci karo da mutum-mutumin sojoji na yumɓu, waɗanda daga baya aka tarar dubbai ne, an binne su kusa da kabarin sarkin da ya fara haɗe ƙasar wuri ɗaya. Yawancin baƙi don waɗannan sojoji suke zuwa. Mu kuwa karin kumallo ne ya kawo mu.

Unguwar 'yan ƙabilar Hui

A bayan Hasumiyar Ganga, wadda aka gina a shekarar 1380, akwai wata unguwa mai lunguna matsattsu. Unguwar 'yan ƙabilar Hui ce, Musulmi masu magana da Sinanci, waɗanda yawansu a ƙasar baki ɗaya ya haura miliyan 11. Da yawansu suna jingina asalinsu ga fataken Larabawa da Farisawa da suka zo kasuwanci, suka yi aure suka zauna. A tsakiyar unguwar akwai babban masallaci da ake cewa an kafa shi a shekarar 742, ko da yake yawancin ginin da ake gani yau na zamanin daular Ming ne da bayanta. Wanda bai sani ba zai ɗauka fadar sarki ce: rufi mai lanƙwasassun baki, ginshiƙan katako, farfajiya bayan farfajiya, ga ayoyin Alƙur'ani an sassaƙa a jikin alluna. Alƙiblarsu yamma take kallo, tunda Makka tana yamma da su.

Da an fito sallar asuba sai lungunan su cika da hazo, amma ba hazon hunturu ba. Tururi ne ke tashi daga ƙofar shaguna. A bakin kowane shago akwai babbar tukunya tana tafasa, an ɗora mata zagayayyun kwanduna, wasu na gora wasu na ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, wani jerin har ya kai kafaɗar mutum. Gindin kowane kwando yana da ƙofofi, don haka tururin da ya tashi daga tukunya ɗaya shi ke ratsa su duka. Wuta ɗaya, ruwa ɗaya, abincin mutum ɗari. Dattawa masu fararen huluna suna tsaye a layi tare da yara masu jakar makaranta. Ana kiran mai sana'ar da "shifu", wato gwani, kuma idan ka yi masa sallama da Larabci zai amsa maka da fara'a.

Abu biyu ake fitarwa daga kwandunan. Na farko shi ne mantou, ana furta shi kamar "manto". Curi ne fari tas, girman dunƙulen hannu, babu komai a cikinsa, fatarsa sumul, idan ka danna shi da yatsa sai ya dawo. Matsayinsa a wurin mutumin arewacin Sin kamar na tuwo ne a wurinmu, ana cinsa da miya ko ganye ko ƙwai, ko a haɗa da kunun wani irin gero nasu. Na biyu shi ne baozi, ana cewa "bawzi", wanda kwaɓinsu ɗaya ne da manto, sai dai an cusa masa nama ko kayan lambu, an tattare bakinsa kamar bakin jaka.

Akwai wani nau'in bawzi da unguwar ta yi suna a kansa, mai siririyar fata da romo a ciki. Za ku ce ta yaya ake ɗure ruwa a cikin kwaɓi? Kun san yadda farfesun ƙafar saniya yake daskarewa idan ya kwana. To haka suke yi. Su dafa ƙashi har romon ya yi kauri, su bar shi ya daskare, su yayyanka su haɗa da niƙaƙƙen naman sa ko na rago. Da tururi ya taɓa shi sai ya narke ya koma romo. Mai ci yakan ɗaga shi a hankali, ya ɗan ɓula gefe, ya zuƙe romon, sannan ya tsoma sauran a ruwan tsami mai barkono. Mai gaggawa kuwa harshensa ne zai ba da labari.

Ga abin lura ga duk wanda Allah ya kai shi Sin wata rana. A sauran unguwanni, naman alade ne aka fi sawa a cikin bawzi. Shagunan Musulmi suna rataye alama mai kalmar da ake furtawa "cing-jan", ma'anarta halal, sau da yawa a kan koren allo. Ita ake nema kafin a zauna.

Baƙuwar tsaba, tukunyar gida

Me ya sa mutanen nan suka zaɓi tururi, alhali Larabawa da Turawa tanderu suka riƙa? Amsar tana cikin tarihin alkamar kanta. Alkama baƙuwa ce a Sin. Daga yammacin Asiya ta iso, fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Kafin zuwanta gero ne abincin arewa, kuma tun a wancan lokaci mutanen suna da tukwanen yumɓu masu hudaddun gindi da suke turara hatsi da su. An daɗe ana dafa alkamar a tsabarta kamar sauran hatsi, ba a ɗauke ta abinci mai daraja ba, don ba ta da daɗin tauna. Sai a zamanin daular Han, kimanin shekara 2,000 da suka wuce, dutsen niƙa mai juyawa ya yaɗu, gari ya samu. Da aka kwaɓa garin, sai aka sa shi a tukunyar da hannu ya riga ya saba da ita. Zuwa wajen shekara ta 300 miladiyya sunan manto ya riga ya shiga rubuce-rubucen Sinawa. Gasasshen burodi ma akwai shi a Shi'an, har akwai wani mai tauri da ake marmasawa a cikin romon rago, amma na tururi shi ne abincin yau da gobe a faɗin arewa.

Sinawa suna da wata almara a kan asalin sunan. Wai wani mashahurin mai dabarun yaƙi, Zhuge Liang, wanda ya rasu a shekara ta 234, yana dawowa da rundunarsa daga kudu sai kogi ya tumbatsa ya hana su ƙetarewa. Aka ce masa sai an jefa kawunan mutane sannan ruwan zai kwanta. Ya ƙi a kashe kowa, ya sa aka mulmula kwaɓi da siffar kai, aka cusa nama, aka turara, aka jefa. Masana tarihi a matsayin tatsuniya suka ɗauki labarin, amma har yau ana ba yara shi.

Abincin ya shiga al'ada sosai. A ƙauyukan Shaanxi mata suna sarrafa kwaɓin ya zama kifi ko damisa ko fure, su yi masa launi, a kai gidan biki ko suna. Idan sabuwar shekararsu ta gabato, kowane gida yakan turara manto mai yawa a ajiye, sanyi ya tsare shi har a gama shagali. Sunan ma ya yi tafiya: Turkawa suna da manti, mutanen Koriya suna da mandu, duk kwaɓi ne mai nama a ciki.

Ku da kuke karanta wannan, abin ba baƙo ba ne a wurinku. Ku tuna alkubus. Sunansa daga kalmar Larabci ta burodi ya fito, amma da ya shigo gidajenmu sai iyayenmu mata suka zuba shi a gwangwani suka turara kamar alala. Abin da ya faru a Sin ke nan, baƙon abinci ya shiga tukunyar gida. Bambancin kawai shi ne kwaɓin alkubus yana da ruwa-ruwa, sai an zuba shi a mazubi, na manto kuwa yana da tauri, yana tsayawa da kansa.

Darasin kimiyya a cikin kwano

Laushin manto ba sa'a ba ce. Abu uku ne suke aiki, kuma duk kun haɗu da su a aji.

Na farko yis. Ƙananan halittu ne masu rai da ido ba ya ganin ɗaya-ɗayansu. Suna cin sukari, suna fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Sun fi walwala a ɗumi kamar na jikin mutum ko ƙasa da haka kaɗan. Ruwan da ya kai digiri 60 kashe su yake yi, sanyi kuma yana sa su barci. A ƙauyukan Sin da yawa ba a sayen yis. Ana ajiye guntun kwaɓin jiya a haɗa da na yau, in ya yi tsami a kashe tsamin da ɗan sinadari dangin kanwa, kamar yadda ake kashe tsamin yakuwa. In aka zarce da shi, manto ya fito rawaya.

Na biyu gulutin. Garin alkama yana da wasu furotin da idan suka jiƙa aka murza su sai su sarƙe, su zama raga mai talewa kamar roba. Ita ke riƙe iskar da yis ya fitar, kwaɓi ya kumbura kamar balan-balan. Masara da gero ba su da wannan raga, shi ya sa garinsu ba ya tashi irin na alkama.

Na uku tururi. Zafinsa digiri 100 ne, tanderu kuwa yakan wuce 200. Burodi ba ya fara yin ja sai zafin bayansa ya kai wajen digiri 140, kuma sai ya bushe. Tururi ba ya kaiwa can, ba ya kuma barin fatar ta bushe. Dalilin da ya sa manto yake fita fari, ba ɓawo, ke nan.

Ku gwada a gida

Ba ku buƙatar kwandon gora. Madambaci ya wadatar, ko babbar tukunya da kwalanda mai zama a bakinta ba tare da ta taɓa ruwa ba. Ku fara neman izinin Mama, kuma ku sani ƙunar tururi ba ta da sauƙi, kada a leƙa da fuska a kan tukunya.

Ku tanadi fulawa kofi 4, wato kimanin giram 500, da ruwa mai ɗumi kofi 1 da ɗan ɗori, da yis ƙaramin cokali 1 da rabi, da sukari babban cokali 2, da mai babban cokali 1. Wannan zai ba da curi 10 ko 12.

Ku narka yis da sukari a cikin ruwan, ku zuba a fulawa kaɗan-kaɗan kuna juyawa, sannan ku sa mai. Sai murza, na minti 10 zuwa 15. Da farko zai yi kamar ruwan ya yi kaɗan, kada ku yi saurin ƙarawa. Masu sana'ar a Sin suna auna murza da tsabta uku: hannu ya fita tas, kwano ya fita tas, kwaɓi ya yi sumul. In ɗaya bai samu ba, da saura.

Ku rufe kwanon da tsumma mai danshi, ku ajiye a wuri mai ɗumi har kwaɓin ya ninka girmansa. A lokacin zafi zai iya yi cikin ƙasa da awa ɗaya, a hunturu yakan fi haka, saboda haka kwaɓi za ku duba, ba agogo ba. Ku tsoma yatsa a fulawa ku huda tsakiyarsa. Idan ramin ya tsaya yadda yake, ya yi. Idan ya rufe nan take, ku ƙara masa lokaci. Idan kwaɓin ya zube gaba ɗaya yana warin tsami, ya zarce.

Mataki na gaba shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa. Ku barbaɗa fulawa a faranti mai faɗi, ku sake murza kwaɓin na minti 5 har manyan kumfar da ke ciki su fice. Ku yanka shi ku duba, in ba ku ga manyan ramuka ba ya yi. Wannan murza ta biyu ita ke ba manto fata mai santsi da ciki mai laushi iri ɗaya. Ku mulmula shi ya yi tsawo kamar tabarya, ku yayyanka, ku ɗora kowane curi a kan guntun ganyen kabeji ko ɓawon masara da aka wanke, don kada ya kama. Ku jera a madambaci, ku bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu, ku rufe su huta na minti 15 zuwa 20. Za ku ji sun yi sakayau a hannu.

Ku naɗe murfin tukunyar da tsumma mai tsabta, ku ɗaure bakinsa a sama nesa da wuta. Aikinsa shi ne shanye ruwan da ke taruwa a murfi, domin duk inda ɗigo ya faɗa a kan manto sai wurin ya lotsa ya yi tauri. Daga lokacin da ruwa ya tafasa ku ƙirga minti 15, ba buɗewa. Ku kashe wuta, ko ku janye itace, sannan ku jira minti 5 kafin ku ɗaga murfi. Wannan jira yana da dalili. Cikin manto cike yake da iska mai zafi, idan iska mai sanyi ta buge shi farat ɗaya sai ta cikin ta tsuke, ya yamutse a gaban idonku.

Wanda yake son bawzi, bayan murza ta biyu sai ya faɗaɗa kowane curi kamar faifai, tsakiya da kauri, gefe siriri. Ya sa cokali ɗaya na niƙaƙƙen nama da aka haɗa da albasa mai lawashi da citta da gishiri da ɗan mai, ya tattaro gefen yana tsunkulewa har bakin ya rufe. Mai nama yana son minti 18 a kan wuta. Soyayyen ƙwai da kabeji ma suna yi.

In na farko bai fito yadda kuke so ba, ku yi abin da malamin kimiyya yake koya muku. Ku rubuta abin da kuka zuba da lokacin da kuka ɗauka, a karo na gaba ku canza abu ɗaya kawai. Manto mai tauri yawanci bai tashi sosai ba ne, ko yis ɗin ya mutu. Mai tsami da manyan ramuka ya daɗe yana jira. Wanda ya yamutse, ko dai ya zarce tashi ko an yi gaggawar buɗe shi. Kafin karo na uku za ku iya haɗa wa ƙannenku abin tafiya makaranta da fulawar da ke gida, ba tare da an aiki kowa shagon mai burodi ba.

Idan ya yi saura kada a zubar. Mutanen Shi'an sukan mayar da na jiya kan tururi na minti 5 ya dawo sabo, ko su yanka shi fale-fale su tsoma a ruwan ƙwai su soya. Da miyar taushe ma yana tafiya, na gwada. Waɗanda suka yi nasu su rubuto wa wannan shafi yadda ya kasance, da abin da mutanen gida suka ce. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.